Buhun Gawayi da Zafin Duniya

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata a kan wani abu ne da ke jingine a madafar yawancin gidajenmu, watau buhun gawayi. Mu da ke zaune a Tudun Wada ta Zariya, mu kan ga manyan motoci sun shigo ta hanyar Kaduna ko ta Jos, an labta musu buhuna har sun yi tozo. Waɗansu su kan sauke kaya a nan, waɗansu kuwa su miƙe sai Kano. Ba mu cika tambaya daga ina su ke ba, kuɗin ƙulli kaɗai mu kan tambaya. Amma abin da ke cikin kowane buhu itace ne wanda dā ya ke tsaye a wani jeji, akwai kuwa magana tsakanin faɗuwarsa da zafin nan da mu ke kuka da shi a watan Maris da Afrilu. Wannan magana mu ke so mu bi sannu a hankali, gama a kan faɗe ta a rediyo da sauri, mai ji ya tashi bai riƙe kome ba sai tsoro.

Abin da sunayen unguwanni ke faɗa

Mu fara daga gida. In mutum ya bi ta Ƙofar Doka ya shiga birni, zai ji sunaye irin su Rimin Tsiwa, da Rimin Doko, da Rimin Danza, da Rimin Kambari. Ba a sa wa unguwa sunan itace sai itacen ya isa a yi kwatance da shi. Waɗansu rimayen suna nan har yau, amma yaro ya kan girma a unguwa mai sunan rimi bai taɓa tsintar audugarsa ba. Jejin ƙasar Zazzau kuwa asalinsa jejin doka ne, tare da kaɗanya, da ɗorawa, da maje, da kirya, da marke, da maɗaci a bakin rafi. Ruwan da mu ke samu a shekara wajen milimita 1,000 ne, watau kamar inci 40, daga Mayu zuwa farkon Oktoba. Ruwa ne wanda ya ishi itace sarai. Saboda haka inda mu ka ga fili fetal a ƙasarmu, gatari ne ya yi aikin.

Ba wuya a ga dalili. A ƙidayar 1952 da 1953 mutanen Nijeriya duka wajen miliyan 30 ne, yanzu kuwa sun wuce miliyan 200. Kowane baki yana bukatar gona, kowace tukunya tana bukatar wuta. Gona ita ce ta fi cin jeji, girki yana bi mata. A shekara ta 2016 gwamnati ta janye hannu daga tallafin kananzir, a ran 29 ga Mayu 2023 kuma aka janye na man fetur, kaya su ka yi tsada, gas ɗin girki ya fi ƙarfin mutane da yawa. Matan da su ka riga su ka rabu da hayaƙi su ka koma ga murhun gawayi. Akwai kuma masu neman katako. An yi ta sare madobiya ana kai ta ƙasar Sin, har a shekara ta 2018 hukumar duniya mai lura da cinikin itatuwa da namun jeji masu ƙarewa ta ce a dakatar da sayenta daga Nijeriya.

Itace rumbu ne

Yanzu mu yi wata tambaya irin ta yara. Babban rimi, wanda mutum biyar ba su iya kewaye shi da hannu, daga ina ya samo jikinsa? Yawancinmu za mu ce daga ƙasa. To, in daga ƙasa ne, ina ramin da ya bari a gindinsa? Babu. A ƙone babban gungume, a duba abin da ya rage. 'Yar tokar nan ita ce abin da itacen ya ɗauko daga ƙasa. Sauran duka daga iska ne da ruwa.

Cikin iskar da ke kewaye da mu akwai wata da masana ke kira iskar kabon. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce mu ke fitarwa sa'ad da mu ke numfashi, ita ce kuma wuta ke fitarwa. Ganye ya kan shaƙe ta, ya yi aiki da hasken rana ya ware kabon ɗin, ya gina reshe da gangar jiki da saiwa da shi. Wajen rabin nauyin busasshen itace kabon ne zalla. Gawayi kuwa shi ne kabon ɗin a fili, bayan an kore ruwa da hayaƙi. Watau itace rumbu ne, shekara da shekaru yana tara abin da ya kwaso daga iska. Ranar da aka ƙone shi an fasa rumbun ke nan, abin da ya tara cikin shekara arba'in ya koma sama cikin mako guda.

Bari mu yi lissafi da buhun nan namu. Masu yin gawayi a jeji su kan jera itace, su rufe da ciyawa da ƙasa, su sa wuta ta ci a hankali kwana da kwanaki. Ta wannan hanya, kafin a sami kilo 1 na gawayi sai an ƙone kilo 5 na busasshen itace, wani lokaci har kusan 10. In buhu ya kai kilo 30, ya ci itace kilo 150 ke nan, a ƙalla. Rabin wannan, kilo 75, kabon ne. Sa'ad da kabon ya ƙone ya kan haɗu da iskar da ke rura wuta, nauyinsa ya ninka fiye da sau uku da rabi. Ashe buhu ɗaya, daga ramin jeji zuwa murhu, ya kan aika da iskar kabon wajen kilo 270 zuwa sama. Kuma kirya da marke da kaɗanya, masu ƙwari, masu jinkirin girma, su masu gawayi su ka fi so, domin gawayinsu ya fi jimrewa a murhu.

Mene ne laifin wannan iska a sama? Hasken rana ya kan ratsa ta ya sauko, ya gasa ƙasa. Da ƙasa ta mayar da zafin sama, sai iskar kabon ta tare wani kashi ta komo da shi. Kamar bargo ta ke. Bargon kuwa alheri ne, gama in babu shi da duniya duka ta daskare. Wahalar ita ce ana ta ƙara masa kauri. Kafin zamanin injuna, cikin kashi miliyan na iska wajen kashi 280 ne iskar kabon. A shekara ta 1958, da wani masani mai suna Charles Keeling ya fara aunawa a kan dutsen Mauna Loa a tsibirin Hawai, ya iske wajen 315. A shekara ta 2024 ta wuce 420. Wani zai ce, "Kashi 420 cikin miliyan, ai ba kome ba ne." Gishiri ma kaɗan ne cikin miya, amma a ƙara rabin abin da aka saba sawa a ga ko za ta shawu. Shekara ta 2024 ta fi dukan shekarun da su ka gabace ta zafi tun da aka fara rubuta awo, ta ɗara zafin ƙarshen ƙarni na 19 da wajen digiri 1.5. A farkon Afrilun 2024 garin Kayes a ƙasar Mali ya ga digiri 48.5.

Nawa ne rabonmu?

A nan lalle ne mu yi gaskiya, domin mun sha jin ana ɗora wa matar da ke hura wuta laifin da ba nata ba. Saran jeji da mai da shi gona a duniya duka yana kawo wajen kashi ɗaya cikin goma na iskar kabon da 'yan adam ke fitarwa kowace shekara. Sauran daga kwal ne da man fetur da gas da siminti, yawancinsa kuwa daga Sin, da Amurka, da Turai, da Indiya. Afirka duka, rabonta cikin hayaƙin kwal da mai bai wuce wajen kashi 4 cikin 100 ba. Ko da dukan matan Tudun Wada sun kashe murhunsu gobe, ma'aunin Mauna Loa ba zai motsa ba.

Duk da haka kashi ɗaya cikin goma ba abin rainawa ba ne. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta lissafta cewa daga 1990 zuwa 2020 an share jeji hekta miliyan 420, watau ya fi faɗin Nijeriya sau huɗu. Mafi yawan kabon ɗin daga manyan kurmi ne, na Barazil, da Kwango, da Indunisiya. A taron Gilasgo na 2021 ƙasashe fiye da 140, har da tamu, su ka yi alkawarin tsai da ɓarnar jeji kafin 2030. Alkawari dai an yi.

Amma itace yana da wani aiki wanda ba sai an je Hawai a auna ba, wannan kuwa namu ne ɗungum. Kowa ya san ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi. Dalili shi ne randa tana gumi, gumin yana tashi da zafi. Haka itace ke yi. Saiwarsa tana jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, ganyensa yana sakinsa cikin iska, iskar ta yi sanyi. Shi ya sa inuwar tsamiya dabam ta ke da inuwar rumfar kwano. Mu kanmu mun koyi wannan da tsada. Shekarun baya, da mu ka so faɗaɗa ɗakin da yara ke karatun Lahadi, mu ka sare wani babban mangwaro da ke yamma da ginin. Ba wanda ya yi gardama a taron dattawa, mu ma da ke rubuta wannan mun ɗaga hannu. An ci bikin Kirsimati biyu da itacensa. Tun daga ran nan, in bazara ta yi, ba mai iya zama a ɗakin bayan azahar, sai malamai su kwashi yaran su je neman inuwa a gindin darbejiyar maƙwabta.

Sai kuma maganar ƙasa. Inda akwai itace, ganye ya kan karya ƙarfin ruwan sama, busasshen ganye ya riƙe shi, ya bi saiwa ya nutse, rijiya ta samu. Inda babu, ruwan ya kan bugi ƙasa tsirara, ya kwashe ta ya gudu. Duk wanda ya tsaya a kan gadar Kubanni a watan Agusta ya ga launin ruwan, ya ga gonakin mutane ne ke wucewa. Dam ɗin da aka yi a kan Kubanni a Samaru cikin shekarun 1970, domin ruwan shan Jami'ar Ahmadu Bello, laka da rairayi sun cinye wani babban kashi na cikinsa. Ga shi kuma iska mai zafi ta fi ɗaukar ruwa, saboda haka ɗumamar duniya tana sa ruwa ya zo da ƙarfi a lokaci guda. Ruwa mai ƙarfi a kan ƙasa tsirara, shi ne ambaliya da kwazazzabo.

Itace yana kawo ruwan sama?

Mutane su kan ce, "An sare itatuwa, shi ya sa ruwa ya ɗauke." Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Bayan farin 1972 zuwa 1974, wani masani ɗan Amurka, Jule Charney, ya kawo shawara a 1975 cewa rashin tsiro ne ya hana hadari haɗuwa a bakin hamada. Shekaru da yawa aka riƙe wannan, aka yi ta zargin manoma da makiyaya. Daga baya, musamman a wani bincike na 2003, aka gane babban abin da ya jawo farin nan da na 1983 da 1984 shi ne sauyin zafin ruwan teku, wanda ya raunana iskar damina. Rashin itace ya ƙara wa ciwon zafi ne, ba shi ya kawo shi ba.

Ta wani gefe kuwa, iskar damina daga tekun Atlantika ta ke tasowa, ta ratsa kurmin kudu kafin ta iso mu, tana ƙara shan ruwa daga ganye a kan hanya. A shekara ta 2012 masana na jami'ar Lids a Ingila su ka nuna cewa a ƙasashe masu zafi da yawa, iskar da ta bi ta kan kurmi ta kan ba da ruwa ninki biyu na wadda ta bi ta kan fili. Ashe itacen da aka kayar a Ondo ko Kuros Riba yana da magana da dawar mutumin Giwa. Amma kada mai wa'azi ya yi wa jama'a alkawari cewa in sun dasa itace ɗari ruwa zai sauka a ƙauyensu baɗi. Inuwa, da ƙasa mai riƙe ruwa, da itacen girki, waɗannan za su samu lalle.

Abin da aka gani a Maradi

To, me za a yi, tun da tuwo ba ya dahuwa da wa'azi? Ba za mu zagi mai yin gawayi ba alhali mu ne masu saye. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da ya kamata mu gane shi ne, ba kowane sara ne ɓarna ba. In an sare reshe, itacen ya sake toho, sabon reshen zai sake shanye iskar da tsohon ya fitar. Wannan rance ne, ana biya. Amma in an sare daga gindi, aka tara ƙaya aka ƙone kututturen, aka tone saiwar, to, rumbun ya rushe ke nan, ba mai sake tarawa.

'Yan'uwanmu Hausawa na Maradi a Jamhuriyar Nijar sun gwada wannan a fili. A farkon shekarun 1980 ƙasarsu ta zama fetal, iska tana binne shukar gero da rairayi, sai an yi shuka sau biyu ko uku. Wani ma'aikacin mishan na SIM, ɗan Ostareliya, mai suna Tony Rinaudo, ya yi ta rainon itatuwa yana kai wa ƙauyuka, yawancinsu kuwa su na mutuwa, ga rana, ga awaki, ga gara. Wata rana a 1983 ya tsaya a hanya domin ya rage iskar tayar motarsa saboda rairayi, sai ya lura da ƙananan tsire-tsiren nan da ke ko'ina cikin gonaki, waɗanda manoma ke sassabewa kowace bazara. Da ya duba ganyen sai ya ga ashe tohon itatuwan da aka sare ne tun dā. Kututturen yana da rai, saiwarsa ta yi zurfi, tana jiran a bar ta kawai.

Dabarar ba ta da wuya. Maimakon a share tohon duka, sai a zaɓi 'yan sanduna mafiya ƙarfi da miƙewa a kowane kututture, a yanke sauran, a datse rassan ƙasa. Tun da tsohuwar saiwa ce ke ciyar da su, girman shekara ɗaya ya kan fi na dashe na shekaru. A can su na kiran wannan sassaben zamani. Da fari dariya aka yi masa, gama an koya wa manomi cewa gona mai tsabta ita ce marar itace. A yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin toho a gona. Da abincin ya ƙare, da yawa su ka sake sarewa. Amma waɗanda su ka bari su ka ga iska ta rage, ga itacen girki a gona, ga ganye domin dabbobi, gero kuma bai ragu ba. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Wani abu kuma ya taimaka ƙwarai: dā doka ta mai da itace na gwamnati ko da a gonar mutum ya ke, sa'ad da aka sassauta wannan, manomi ya san abin da ya raina nasa ne, sai ya tsare shi. Masu bincike da su ka gwada hotunan da aka ɗauka daga sama a shekarun 1970 da na bayan shekara ta 2000 sun kimanta itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, yawanci a jihohin Maradi da Damagaram. A wajen Damagaram gawo ne ya fi yawa, itacen nan mai zubar da ganye da damina, ya bar wa gero rana, ya kuma ba shi taki.

Ruwan Maradi kuwa wajen rabin namu ne. Wannan ya kamata ya ba mu kunya kaɗan. Kowace damina mu kan ga an yi bikin dashen itatuwa, manya su zo da laima, a ɗauki hoto, kafin Fabrairu awaki sun gama da su. Ba mu ce a bar dashe ba, cikin gari ba wata hanya sai shi, in dai za a yi masa kariya a kuma sa wani ya riƙa ba shi ruwa har rani biyu. Amma a gonakinmu na Soba, da Giwa, da Maƙarfi, da Igabi, akwai kututturen doka da kalgo da taura da marke da kaɗanya masu toho kowace shekara, mu kuwa muna bin su da adda. Kaɗanyar da aka shuka daga ƙwara ta kan yi shekara 15 ko fiye kafin ta ba da 'ya'ya, ga ta kuwa da saiwarta a shirye muna ƙonewa.

Mun san abin da manomin Zazzau zai ce: masara ba gero ba ce, tana son rana, garmar shanu kuma ba ta son kututture. Gaskiya ne. Sai a bar tohon a kan iyakar gona, ko a jere bisa layin kunya, da tazara mai yawa, a riƙa datse rassa kafin shuka. Rassan nan su ne itacen girkin gida. Wanda ke noma gonar aro ya fara yin magana da mai gona. Ya kamata kuma dattawan ikkilisiya su zauna da mai unguwa da limami da arɗon Fulani tun kafin a fara, gama in mutum ɗaya ne ya bar toho, wani zai sare da dare.

Mu na cikin gari kuma, namu a murhu ya ke. Murhun duwatsu uku yana zubar da yawancin zafin wuta a iska, kaɗan ne ke shiga tukunya. Murhun laka wanda ya rungume tukunya, mai ƙofa ɗaya, ya kan rage cin itace da sulusi ko fiye, hayaƙin da ke cin idon mata da ƙirjin yara kuma ya ragu. Zumuntar mata za su iya koyon gininsa a yini ɗaya, laka da kashin shanu da ƙaiƙayi ne kayan aikin. A jiƙa wake tun da dare, a rufe tukunya, a kashe garwashin da ya rage da rairayi domin gobe.

Watan Maris da Afrilu su ne lokacin sassabe. Muna roƙon masu koyar da wannan darasi a ƙauyuka, kada su gama shi a cikin ɗaki. A ɗauki ajin a je gonar da ta fi kusa, kowa ya ƙirga kututture nawa ne masu toho, ya faɗi sunan kowanne. Sa'an nan a zaɓi guda goma, a gyara su da wuƙa mai kaifi, ana yanka daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawo ya yage, a ɗaura wa sandunan da aka bari jan ƙyalle domin mai wucewa ya san da mai su. A auna tsawonsu da sanda a rubuta, a komo bayan kaka a sake aunawa. Ajin da ya yi haka ya aiko mana da lissafinsa, da sunan ƙauyen da irin itatuwan, za mu buga a fitowar Janairu.